Kakar da Kuka Bari a Gindin Darbejiya

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Ƙananan Yara, na asibitin da aka kwantar da jikana a Birnin Kudu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dukan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ina gajiya, ina fama da jama'a? Allah ya ba da ladan aiki.

Sunana Hauwa'u, amma a garinmu Dingaya, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, Inna Malama ake ce min, saboda ina koyar da matan aure a Islamiyyar da marigayi maigidana ya bari. Bokona na yaƙi da jahilci ne, in ka ga rubutun ya karkace sai ka yi haƙuri da tsohuwa. Da gangan ban rubuta sunan asibitinku ba. Kun san kanku, kuma ban ɗauki alƙalami don in kunyata kowa ba. Godiya ce ta sa ni rubutu, don jikana yana raye, kuma bayan Allah ku ne sanadi. Amma akwai ƙorafi guda da ya tsaya min a rai, kuma na ga gara in faɗe shi a fili, domin ba ni kaɗai ce kakar da ta zauna a gindin darbejiyar ƙofarku ba.

Na farko, yadda muka zo hannunku.

Yaron ɗan ɗana ne, shekararsa uku da 'yan watanni. Sunan marigayi Malam aka sa masa, don haka ni bakina ba ya iya kiran sunan. Maigidana nake ce masa, irin wasan kaka da jika, sauran mutanen gida kuma su ce Mai-sunan-Malam. Ubansa tela ne a cikin garin Gwaram, can yake zaune da matarsa Zulai. Shi ma uban kada ka jira ka ga sunansa a takardar nan, ɗana ne na fari. Ranar da aka yaye yaron aka kawo min shi Dingaya, kamar yadda aka saba, don ya manta nono ya koma. Bai koma ba. Ni na ƙi, shi ma ya ƙi, iyayen kuma ba su da bakin tambaya. Tare muke kwana, tare muke cin tuwo, in ina koyarwa yana jingine da bayana yana kwaikwayon karatun mata. Duk wani tari ko ƙurji da ya taɓa yi tun daga yaye, a gabana ya yi shi.

A ƙarshen daminar da ta wuce zazzaɓi ya kama shi. Da farko na ɗauka irin wanda aka saba ne, sai na ga ya ƙi kunun gyaɗa, abin da ko barci yake in ya ji ƙanshinsa sai ya tashi. Idonsa ya yi rawaya, tafin hannunsa ya yi fari fat, in na taɓa ƙafarsa ya ƙwalla ƙara. Na goya shi muka hau babur zuwa Gwaram. Ma'aikacin lafiyar da ya duba shi ya buɗe fatar idonsa kawai ya ce mu wuce Birnin Kudu yanzu-yanzu, jininsa ya yi ƙasa. Uban ya tafi Kano sayen yadi, sai waya aka yi masa. Zulai ta zari hijabi muka shiga mota. Yaron yana kan cinyata, ita tana gefena ta juya fuska tana kallon gonaki, kai ka ce ba ta san mu ba. Amma hannunta yana ƙarƙashin hijabi riƙe da diddigen yaron har muka iso. Na gani, na yi kamar ban gani ba.

Da muka sauka a ƙofarku ba wanda ya ce mu je mu yanki kati tukuna. Wata nas ta hango yadda kan yaron ya langaɓe, ta taho da sauri ta karɓe shi daga bayana ta yi ciki da shi. Wannan saurin ba zan manta da shi ba. Allah ya yi mata albarka.

Na biyu, dokarku ta mutum ɗaya.

A bakin ɗakin yara aka tsayar da mu, aka ce mutum ɗaya ne ke shiga da kowane yaro, kuma uwa ce. Aka tambayi wace ce uwar. Zulai ta sunkuyar da kai. Aka sake tambaya, ta ƙara sunkuyarwa. Ni na nuna ta. Aka ja ta ciki, ni kuma mai gadi ya nuna min bishiya. Na ce masa yaron a hannuna yake, ni na san ciwonsa. Ya ce haka kowace tsohuwa take faɗa. Ban ga laifinsa ba, abin da aka sa shi ke nan, kuma da ladabi ya faɗa. Na kuma fahimci dalilin dokar. Na san halinmu: in an kwantar da yaro ɗaya, rabin unguwa ne zai zo da kwanuka da tabarmi, kowa da tarinsa da shawararsa. Ba na neman ku buɗe mana ƙofa mu cika muku ɗaki.

Amma Ranka ya daɗe, wanda ya tsara dokar nan ya ɗauka cewa wadda ta haifi yaro ita ce ta fi kowa sanin yaro, kuma ita ce za ta fi kowa iya magana a kansa. A ƙauyukanmu ba kullum haka abin yake ba, musamman a kan ɗan fari. Wataƙila kai ɗan ƙasar nan ne ka san wannan, amma cikin ma'aikatanka na ga waɗanda suka zo daga nesa, da kuma yaran birni da suka tashi suna jin uwa tana kiran ɗanta na fari da sunansa tana sumbatarsa a gaban kowa. To bari in faɗa domin su. A wurinmu mace tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta yabonsa, in an tambaye ta lafiyarsa sai ta kau da kai wani ya amsa. Ba ƙiyayya ba ce, tarbiyya ce, kuma yarinyar da ta yi haka ita ake cewa ta fito daga gidan mutunci. Zulai kuwa kunyarta biyu ce, don sunan yaron sunan surukinta ne.

Abin da ya faru a ciki ba daga bakin Zulai na ji ba, har yau ba ta faɗa min ba. Wata baiwar Allah daga Yalwan Damai, wadda gadon 'yarta ke kusa da namu, ita ta ba ni labari. Ta ce an tambayi Zulai sunan yaron, ta yi shiru. An tambaye ta yaushe zazzaɓin ya fara, ta ce ba ta sani ba, kuma gaskiya ta faɗa, don ba ta nan ya fara. An tambaye ta ko ya taɓa irin wannan ciwon, ko an ba shi wani magani, ko fitsarinsa ya canja launi, ko an gama yi masa rigakafi. Wasu ba ta san amsarsu ba, waɗanda ta sani kuma ɗakin cike yake da matan da suka haife ta, bakinta ya ƙi buɗewa. Ga yaro kwance numfashi sama-sama, ga masu son cetonsa suna neman bayani, ga kuma mai bayanin a waje an sa ta gadin bishiya.

Na uku, kuma nan ne raina ya ɓaci.

Wata ma'aikaciya, ba wadda ta karɓi yaron ba, ta ɗaga murya a gaban kowa ta ce wa Zulai wace irin uwa ce ita da ba ta san ko sunan ɗanta ba, ta ce irinsu ne ke sakaci da yara sai sun kusa mutuwa su kwaso su su kawo wa mutane wahala. Na san ta gaji, na san ta ga sakaci iri-iri, na kuma san tsoron kada yaron ya mutu a hannunta ne ya sa ta faɗa. Amma ta zalunci yarinyar nan. Zulai ce ke ɗinka masa riga a ɓoye ta ba ni ta ce wai ragowar yadi ce. Ita ce duk ranar kasuwar Gwaram take aiko da ƙuli-ƙuli da lemo ta ce na Inna ne, alhali ta san haƙoran da suka rage min ba na ƙuli-ƙuli ba ne. Wannan ce aka ce ba ta damu da ɗanta ba. Ban nemi a hukunta kowa ba, ban ma tambayi sunan ma'aikaciyar ba. So nake a gaya mata, cikin sirri, abin da shirun nan yake nufi.

Na huɗu, likitar da ta fito neman tsohuwa.

Ina zaune a gindin darbejiya ina jan carbi, ban ma san abin da nake karantawa ba, sai ga wata likita ta fito, yarinya ce ƙarama siririya, da abin sauraron ƙirji rataye a wuya. Tana bin tsofaffin da ke wurin ɗaya bayan ɗaya tana tambayar wace ce ta zo da yaro daga Dingaya. Ashe da ta ga shirun Zulai ya yi yawa, sai ta tambaye ta abu guda a hankali, ko ɗan fari ne. Zulai ta gyaɗa kai. Shi ke nan likitar ta bar tambayarta ta fito. Da ta same ni ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, da farar rigarta a cikin ƙura, ta ce in gaya mata duk abin da na sani game da yaron, ko da ina ganin ba shi da amfani.

Na kuwa zuba mata. Na gaya mata cewa tun yana rarrafe, lokacin da suka zo min kwana biyu da uwarsa, hannuwansa da ƙafafunsa sun taɓa kumbura suntum, muka ce sanyi ne. Na gaya mata duk lokacin da ruwan sama ya dake shi sai ya kwana biyu yana kukan ƙashi. Na gaya mata wannan ba shi ne karo na farko da idonsa ya yi rawaya ba, sai dai bai taɓa kai haka ba. Ta tambaye ni ko a dangi an taɓa samun mai irin wannan. Na ce ina da ɗa da ya rasu yana ƙarami da ciwon ƙasusuwa da kumburin ciki, a lokacin amosani muka ce. Ta yi min ta'aziyyar yaron da ya rasu tun ba a haife ta ba, sannan ta miƙe da gudu-gudu ta koma ciki.

Gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kan sikila. Ban ce da ba ta fito ba ba za ku gano ba, aikinku ne, kun fi ni sani. Abin da na sani shi ne ita da bakinta ta ce bayanin ya nuna mata inda za ta fara dubawa, kuma a irin halin da yaron yake ciki, jinkiri kaɗan ma asara ne. Dokarku ba ta aike ta gindin bishiya ba. Hankalinta ne ya kai ta, kuma abin da ke tsorata ni ke nan: da ranar wani ne ke aiki fa?

Na biyar, jinin da aka ƙara masa.

Da aka ce sai an yi ƙarin jini, an kira ni bakin ƙofa don a yi mana bayani tare. Kafin a rufe baki Zulai ta naɗe hannun riga ta miƙa hannunta. Ba ta kalli kowa ba. Sai likitar ta riƙe hannun ta yi mana bayani da Hausa mai sauƙi, cewa ciwon nan gado ne daga uwa da uba, kowannensu yana ɗauke da rabinsa ba tare da ya sani ba, don haka an fi son a ba yaron jinin wanda ba ya ɗauke da shi. Ta nanata cewa ba laifin kowa ba ne. Aka ɗauko jini daga ma'ajiyarku aka sa masa, daga baya malaman Islamiyyarmu biyu suka zo suka ba da nasu a madadin. Amma na ga fuskar Zulai lokacin da take warware hannun rigar. Abu guda da take iya ba ɗanta ba tare da ta buɗe baki ba, shi ma an ce ba ya yi. A nan ne na ga hawayenta na farko tun da muka baro Gwaram.

Ina godiya a kan jinin, ina godiya a kan bayanin. Ina godiya ga masu shara da ke goge ɗakin nan safe da yamma, da nas ɗin da ta koya mana shan maganinsa na kullum, da yawan ba shi ruwa, da kwana cikin gidan sauro, da rufe shi in gari ya yi sanyi, da alamomin da in mun gani kada mu tsaya jiƙa komai, mu taho. Abin da ta ce game da gwajin jini kafin aure kuwa na kai shi ajina, kuma duk matar da ke da 'ya ko ɗa a bakin aure ta ji shi daga bakina, ko tana so ko ba ta so.

Na shida, abin da dokarku ta yi min.

Nan dole in yi adalci, ko da a kaina zai ƙare. Kwanakin da yaron ya yi a gadonku, ni sai lokacin ziyara nake shiga. In na tafi, an ce ya dinga kuka yana kiran Inna, yana fizge hannun da aka sa wa robar ƙarin ruwa. Ba kaka, ba goggo, ba wanda za a miƙa wa shi. Likitar nan ta gaya wa Zulai cewa yaro mai jin zafi yana bukatar a rungume shi a yi masa magana, kuma a ɗakin nan ba wanda zai yi masa sai ita.

Wata rana da la'asar na taho da kunu kafin a buɗe ƙofa, sai na zagaya ta tagar da ke saitin gadonsu don in leƙa. Na ga Zulai zaune a kan gado, yaron kwance a ƙirjinta, tana shafa bayansa. Tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, tana gaya masa zai warke, za ta saya masa takalmi mai fitila. Sai na ji ta kira shi da sunansa. Ba Mai-sunan-Malam ba, sunan nan na yanka, cikakke, wanda tun ranar da aka fita da Malam ban ƙara jin an kira shi da irin wannan taushin ba. Yaron ya ɗago kai ya amsa. Na ja da baya a hankali don kada ta gan ni ta ji kunya ta daina, na koma gindin darbejiyarku na zauna da kwanon kunu a cinya na yi kuka mai isata. Mai gadi ya zaci rasuwa aka yi, ya taho yana salati.

To ga roƙona, Ranka ya daɗe, ba shi da yawa.

Kada ku cire dokar mutum ɗaya. Amma ku gyara tambayar da ake yi a bakin ƙofa. Bayan an tambayi wace ce uwar yaro, a ƙara da tambayar a hannun wa yake. In kaka ce ko goggo ko yaya, a bar ta ta shiga ta yi wa likita bayani, in ta gama a kore ta, ba za ta ji haushi ba. In uwa ta yi shiru, kafin a yi mata faɗa a tambaya ko ɗan fari ne, kuma a ja ta gefe inda ba idon manya, za ku sha mamakin abin da ta sani. Ku gaya wa sababbin ma'aikata wannan tun ranar da suka kama aiki, kada ya zama sai an yi dace da mai lura. Sannan, in da hali, a sa benci a gindin bishiyar nan. Tsofaffi ne ke zama a wurin, kuma tashi daga ƙasa ya fi zaman wuya.

Likitar nan kuma, ban san sunanta ba, ka san ta. Ka gaya mata wata tsohuwa a Dingaya tana sa ta a addu'a bayan kowace salla, kuma na tanadar mata gyaɗa.

Yaron ya warware, ya koma cin kunu da ɓarna. Sai dai ba a ɗakina yake ba. Ranar da aka sallame mu, da muka sauka a tashar Gwaram na juya baya na durƙusa don ya hau mu wuce Dingaya, sai ya riƙe hijabin uwarsa ya ɓuya a bayanta. Zulai ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba, amma ba ta ɓamɓare hannunsa ba. Na ce to, dama Gwaram ta fi kusa da asibiti, zamansa a nan ya fi. Na hau babur ni kaɗai. Saboda haka ka sani, Ranka ya daɗe, kun ceci jikana kun kuma raba ni da maigidana, kuma na yafe muku duka biyun.

Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a hannuwanku, ya raya muku 'ya'yanku, ya ba yaran da ke kwance a ɗakinku lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu, Allah ya sa su ceci iyayensu. Allah ya sa ku gama aiki lafiya, ya sa abin da kuka yi mana ya tarye ku ranar da kowa ke neman mai tsaya masa.

Wassalam.

Taku mai godiya,
Hauwa'u, Inna Malama,
Dingaya, ƙaramar hukumar Gwaram.